Dalilin da ya sa 1.9.0 ke gaban 1.10.0 a wurinka

Malam, ka tambayi me ya sa manhajarka, wajen kwatanta lambobin sigar manhaja (version), ke ɗaukar 1.9.0 a matsayin sabuwa kan 1.10.0. Harafi-harafi take kwatanta su. Da ta zo gurbi na biyu ta ga 9 ya fi 1, sai ta yanke hukunci, ba ta ko kalli sifilin ba.

Ka raba lambar a kan ɗigo, ka mayar da kowane kashi cikakkiyar lamba, ka kwatanta daga hagu. Kada ka mayar da ita lamba mai ɗigo: 3.10 za ta koma 3.1, shi ya sa a YAML, wani tsarin rubuta fayilolin saiti, ake sa mata alamar zance.

Abin da ke bayan karan ɗori ne ke da wuya. A SemVer, ƙa'idar sa wa sigogin manhaja lamba, 1.0.0-rc.1 (rc na nufin sigar gwaji kafin fitowa) tana ƙasa da 1.0.0, amma sort -V, umarnin jera lambobin siga na GNU, bayan 1.0.0 yake jera ta. Kuma a SemVer rc10 tana ƙasa da rc2, don harafi ya gauraya da lamba; saboda haka ka rubuta rc.10 da rc.2. Abin da ya biyo bayan + kuwa ba ya shiga lissafi.

Idan Python ne, packaging.version, kayan aikin kwatanta lambobin siga, ya ishe ka, sai dai PEP 440, ƙa'idar Python, yake bi, ba SemVer ba.