Dala Uku, Zango Biyu, da Rediyon da Ba Ya Cin Batir

Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya rubuto cewa gardama ta kaure a rumfarsu har an kusa rasa sallar La'asar a jam'i. Tambayarsa ita ce: "Malam, dalar da ake canji a Wapa, daga Dutsen Dala ta samo suna?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Na san Bakano zai so a ce masa e, amma ba haka ba ne. Dala uku ce a bakinmu, kuma biyu ne kawai 'yan uwa. Ta farko ita ce dutsen, wanda tarihin Kano ya ce ya ci sunan wani mutum ne, Dala, kakan Barbushe mai tsafin Tsumburbura, tun kafin zuwan Bagauda a 999. Ta biyu 'yarsa ce: da aka fara jera buhunan gyaɗa ana tayar da su sama bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, sai mutane suka duba suka ga ai wannan Dala ce sak, suka ce dalar gyaɗa. Daga nan ma muka ara wa Masar sunan gine-ginen Fir'aunoninta.

Ta ukun baƙuwa ce, kuma tafiyarta doguwa. A farkon ƙarni na 16 an yi ta buga kuɗin azurfa a wani kwari mai suna Joachimsthal, a ƙasar Cek ta yau. Sunan ya yi wa baki nauyi, aka gutsure shi ya koma "thaler". Shi ne ya haifi dalar Amurka, shi ne kuma sunan azurfar nan mai hoton Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka ƙetaro Sahara da ita har Kasuwar Kurmi. Abin sha'awa, matar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jiki, don 'yan kasuwa ba sa yarda da wanda ya canza kama. Da Ingilishi suka kawo nasu kuɗin, sai Bahaushe ya ɗora tsohon sunan a kan sule biyu. Sule kwabo 12 ne, sisi 6, taro 3. Naira ta kore su duka a 1973, amma har gobe matashin da bai taɓa ganin sisi ba zai rantse maka ba shi da ko sisi.

Wata malamar makaranta daga Gwale ta ce ɗalibanta sun ƙure ta: me ya haɗa "gajeren zango" na rediyo da zangon fatake, kuma wane ne "rediyo mai jini"?

Malama, wannan tambaya ta yi mini daɗi. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma tazarar da ke tsakanin masauki da masauki ita ma zango ce. Shi ya sa kuke cewa zangon karatu na farko. Muryar rediyo tana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, kuma tazarar tudu zuwa tudu ake aunawa da mita. Wanda ya fara kiran wannan tazara zango, ko wane ne shi, ya san Hausa. Sai dai akwai abin da ke rikita yara: gajeren zango shi ne mai zuwa nesa, domin yana dukan wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a wata nahiya. Ta haka muryar Aminu Abdullahi Malumfashi ta iso mana daga Landan ranar 13 ga Maris, 1957, a shirin farko na Sashen Hausa na BBC, wanda minti 15 kacal ne. Rediyon Kaduna ta biyo baya a 1962. Kafin su kuwa, a shekarun 1940, akwati ne ake kafewa a bango a jawo masa waya daga tasha, ba ka da zaɓi sai abin da aka turo maka.

Rediyo mai jini kuma mutum ne, mai baza labari tun bai nuna ba. Ba ya cin batir, ba ya jiran wuta, tasharsa kuwa teburin mai shayi. Ban san wani kirari na zamani da ya kai wannan cizo ba.

Ɗana na Fagge da ke tambayar dalilin kiran dabbar nan raƙumin dawa alhali ba ta da tozo: wuya aka duba, ba baya ba. Ba mu kaɗai muka yi haka ba, Girkawan dā sun haɗa mata sunan raƙumi da damisa saboda zanen jikinta. Duk tsawon wuyan nan, ƙasusuwansa bakwai ne, daidai da naka. Mafi yawan ragowar garkensu a yammacin Afirka suna Kure, kusa da Yamai. Zancen "giwa a garin wani zomo" da ka haɗo da shi kuwa bai shafi girman jiki ba, ana nufin mai martaba a garinsu in ya je inda ba a san shi ba, layi zai bi kamar kowa.