Na'urar CD mai sauƙin kuɗi: wace za a saya, kuma me za a duba?

Tambayoyin da suka zo mana a kan na'urar kunna faifan CD sun taru, mun zaɓi huɗu daga ciki.

Tambaya: Ina da faifan CD kusan ɗari biyu, na karatun Alƙur'ani da na waƙoƙin da. Ina son na'ura mai kyan sauti a falo, amma kuɗina ba su da yawa. Shin mai tsada ta fi mai araha daɗin sauti? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, bambancin yana nan, amma bai kai yadda masu kanti ke zuzuta shi ba. Tun da kamfanonin Sony da Philips suka fito da CD a 1982, tsarin bai canja ba: kowane faifai na ɗauke da sauti ne a matsayin lambobi, ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya. Duk na'urar da ke da lafiya lambobi iri ɗaya za ta karanto. Inda suke shan bamban shi ne ɓangaren da ke mayar da lambobin su koma sauti, wanda ake kira DAC, da kuma ingancin wutar da ke ciyar da shi. A yau har na'urori masu araha suna da DAC mai kyau ƙwarai. Abin da kunnenka zai fi ji shi ne lasifika, sai amfilifaya, sai ɗakin kansa. Saboda haka idan ka ware kuɗi domin kayan sauti gaba ɗaya, shawararmu ka ba lasifika kusan rabi, amfilifaya ta biyo baya, na'urar CD ta ɗauki abin da ya saura. Wanda ya haɗa na'ura mai tsada da lasifikar roba ya sa wa jaki sirdin doki ne kawai.

Idan sabuwa kake so, sunayen da ake yawan samu a matakin farko su ne Yamaha CD-S303, Denon DCD-600NE da Cambridge Audio AXC35, sai Marantz CD6007 da ta ɗan ɗara su kuɗi. Yamaha da Marantz ɗin suna da wurin soka filashi a gaba, Marantz kuma tana da ramin abin sauraro na kunne. Ba za mu faɗi farashi ba, don kayan waje ne, dala ke juya su. Ka yi hattara da abu guda: akwai waɗanda aikinsu karanta faifai kawai, ba su da DAC a ciki, irin su Audiolab 6000CDT. Idan ka kai irin wannan gida alhali amfilifayarka ba ta karɓar sauti na lambobi, ko ƙis ba za ka ji ba. Ka juya bayan na'urar, ka tabbata akwai ramuka biyu na fitar da sauti, ja da fari, su ne alamar tana da DAC.

Tambaya: Na ga na hannu a Sabon Gari, 'yan Beljiyam, da araha sosai. In saya? Yaya zan gane mai lafiya? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, saya, nan ne ma arahar take. Na'urorin Sony, Technics, Denon, Marantz da Philips na shekarun 1990 an yi su da ƙwari, da yawansu har yanzu suna aiki. Sai dai abu biyu ne ke tsufa a jikinsu: idon da ke karanta faifai, wato leza, da tiren da ke shiga da fita. Don haka kada ka yarda da gwajin mai kaya da nasa faifan. Tafi da naka guda uku: na asali mai tsabta, wanda aka kwafa a kwamfuta, da wani mai ɗan ƙarzuwa.

Kafin ma a jona wuta, karanta rubutun da ke baya. Wutarmu 230 ce. Kayan Turai suna zuwa da 220 zuwa 240, babu matsala. Na Amurka 120 ne, na Japan kuma 100, kuma idan aka soka su kai tsaye taransifomar ciki za ta iya ƙonewa nan take. Irin waɗannan sai da ƙaramar taransifoma mai rage wuta. Na'urar CD ba ta cin wuta, da wuya ta wuce wat 20, don haka mai wat 50 ta wadatar. Wasu suna da maɓallin sauya ƙarfin wuta a baya, ka duba inda aka ajiye shi.

Sai ka buɗe tire ka rufe kamar sau biyar. Idan yana tafiya da ƙyar, ko sai an tura shi, yawanci bel ɗin roba ne ya saki, gyara ne mai sauƙi, kuma dalili ne na neman ragi. Saka faifan asali ka ƙirga a zuci. Mai lafiya cikin daƙiƙa kaɗan za ta nuna yawan waƙoƙi da tsawon mintuna. Idan ta daɗe tana juyi tana ƙyas-ƙyas, ko ta rubuta NO DISC sai a karo na biyu ta karɓa, idon ya fara gajiya. Daga nan ka tsallaka zuwa waƙar ƙarshe. Wannan shi ne gwajin da mutane ke mantawa. CD daga tsakiya ake fara karanta shi zuwa baki, saɓanin faifan garmaho, kuma a bakin ne lanƙwasar faifai ta fi yawa, sannan a can ne giris ɗin sandar da idon ke bi ya fi bushewa. Na'ura za ta iya rera waƙa ta ɗaya lafiya lau, ta kakare a ta goma sha biyu. Faifan da aka kwafa shi ne alƙali na gaba, domin ba ya mayar da haske kamar na asali, ido mai rauni shi yake fara ƙi. Ka bar ta tana aiki minti ashirin ko talatin kuna ciniki, wasu sai sun ɗumama suke nuna halinsu. Ka ɗan ƙwanƙwasa saman da yatsa, bai kamata ta yi tsalle ba. Ka kuma saurari hagu da dama, kowanne shi kaɗai.

Abu na ƙarshe, tambayi mai gyara wane ido ne a ciki. Sony KSS-213 da Philips VAM1202 suna cikin na'urori masu yawa, ana samun madadinsu. Wasu tsofaffin kuwa an daina yin idonsu, ranar da ya mutu na'urar ta zama ado. Idan aka zo sa sabon ido, a tuna yawancinsu suna zuwa da ɗigon dalma da aka sa don kariya, sai an narke shi an cire sannan zai yi aiki. Sau da yawa ana cewa sabon ido jabu ne, alhali ɗigon nan ne ba a cire ba. Remot ma ka nema, wasu na'urorin rabin aikinsu yana jikinsa.

Tambaya: Ina da na'urar DVD da ba ma amfani da ita. Ba za ta yi ba? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, za ta yi, kada ki kashe ko sisi tukuna. Na'urar DVD tana karanta CD, kuma yawancinsu suna karanta faifan MP3 da CD-RW, wato faifan da ake gogewa a sake kwafa a kansa, waɗanda tsofaffin na'urorin CD na kafin 1997 galibi ba sa iyawa. Illarta ita ce tana daɗewa kafin ta fara, wasu suna da ƙarar juyi, wasu ba su da allo a gaba sai an kunna talabijin, kuma masu arahar cikinsu sautin ramukansu na ja da fari ba wani abin yabo ba ne. Idan amfilifayarki tana da rami mai suna COAXIAL ko OPTICAL, haɗa ta nan, sai amfilifayar ta yi aikin mayar da sauti da kanta. Idan babu, ana sayar da ƙaramin akwatin DAC da ake sawa a tsakani.

Tambaya: Na haɗa tawa da tsohuwar amfilifaya, sauti ya fito a fashe, ga tsalle-tsalle tun da hunturu ya shigo. Me ya faru? Daga wani ɗalibi a Jos.

Amsa: Matsala biyu ce daban-daban. Ta farko, kusan tabbas ka soka waya a ramin PHONO. Wannan na garmaho ne, an yi shi don sauti mai rauni ƙwarai, yana kuma ƙara kaurin murya ya rage kaifi. Na'urar CD tana fitar da kusan bolt 2, ɗaruruwan ninki fiye da abin da ramin ke jira, dole ya fashe. Mayar da wayar ramin CD, AUX, TUNER ko TAPE IN, duk ɗaya ne. Waya mai kauri daidai gwargwado, mita ɗaya, ta isa. Kada wani ya sayar maka da waya mai ruwan zinare a kan kuɗin rabin na'ura.

Tsallen kuma fara da faifan. Goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada ka bi zagaye, domin ƙarzuwar da ta bi layin bayanan faifan ita ce na'ura ba ta iya cikewa. Idan ya yi maiƙo, ruwa da ɗan sabulun wanke kwano, a bar shi ya bushe sarai. Ɓangaren da ke da rubutun suna ya fi saurin lalacewa, don bayanan suna dab da shi ne a ƙarƙashin siririn fenti, ƙarzuwa a nan ba ta da magani. Idan faifai mai tsabta ma yana tsalle, ƙurar hunturu ta hau idon. Cire wuta, kwance murfi, ka jiƙa tsinken auduga da ɗigo ɗaya na barasar goge kayan lantarki, wadda ake kira isopropyl, ka shafa a hankali ba tare da dannawa ba, idon a kan siraran wayoyi yake rataye. A jira minti biyar kafin a kunna. Ban da fetur, ban da turare, ban da sipirit mai launi, suna dusashe idon. Kada kuma ka leƙa idon tana kunne, haskensa ba ya ganuwa sosai amma yana cutar da idon mutum. Akwai wani ɗan maɓalli a jikin idon da wasu masu gyara ke murɗawa don ƙara masa ƙarfi. Na'urar za ta farfaɗo na ɗan lokaci, sannan idon ya mutu gaba ɗaya, don haka kada ka bari a taɓa shi sai da na'urar awo.

Bayan haka ka duba inda ka ajiye ta. Kada ta zauna a kan amfilifaya, zafi na tsofar da leza, kada kuma ta hau teburi ɗaya da lasifika mai jijjiga. Rufe ta da ƙyalle idan ba a amfani, ka cire ta daga soket kafin a tayar da janareto ko lokacin da aka ɗauke wuta, sai wutar ta daidaita ka mayar.