Na daina cin nama, Baba ya ce ina haramta halal

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23, muna zaune a Agege, mahaifina dillalin shanu ne. Wata huɗu ke nan rabona da nama, nono da ƙwai, tun ranar da na ga ana sauke shanu daga tirela bayan kwanaki a hanya. Wata saniya ta karye, ana murɗa mata wutsiya don ta miƙe. Baba ya ce ina haramta abin da Allah ya halatta. Ga yawan gajiya kuma. Yaya zan yi?

'Yarki daga Agege

Wa alaikumus salam 'yata. Tausayinki yana da tushe. Saniya tana jin zafi, tana jin tsoro da ƙishirwa, kuma aya ta 38 a Suratul An'am ta kira dabbobi al'ummomi irinmu. A hadisin da Muslim ya ruwaito an umarci mai yanka ya wasa wuƙa, ya hutar da dabbar. Wadda ta ɗaure kyanwa har yunwa ta kashe ta, wuta ta shiga. To, balle murɗa wutsiyar karyayyiya!

Amma ki kiyaye harshenki. "Ba na ci" daban, "haram ne" daban, kuma na biyun ne Baba yake jin tsoro. Ki faɗa masa a natse cewa nama halal ne, layya ibada ce, azabtarwar ce ta hana ki haɗiyewa.

Gajiyar ba abin wasa ba ce. Ki je a auna miki jini, a duba PCV, wato gwajin da ke nuna ko jininki ya yi ƙasa. A wata huɗu, na fi zargin ƙarancin sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, ko rashin cin abinci isasshe. Mai kilo 60 tana buƙatar furotin wajen giram 48 a rana. Kofin dafaffen wake yana ba da kusan 13, cikin tafin hannu na gyaɗa kusan 7, sai ki cika da awara, ƙuliƙuli da ƙosai. Ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, yana taimakon jiki ya zuƙi ayon. Shayi kuwa hana shi yake yi, ki ba shi tazarar awa ɗaya da abinci.

Bitamin B12 ne ba za ki samu a tsiro ba, dole sai ƙwaya: maikurogiram 1,000 sau biyu a mako. Hanta tana ajiye shi har shekaru, shi ya sa ake ruɗuwa, sai ƙafa ta fara sagewa, lokacin jijiya ta taɓu. Ki kuma riƙa tambaya kafin ki sayi alala ko wake a titin Legas, galibi da kifi ko kirafish a ciki. A gida, daddawa ta ishe ki ɗanɗano.

Sannan ke 'yar dillali ce, kina da kunnen da wasu ba su da shi. Ki roƙi Baba a shayar da shanunsa da zarar an sauke su, a jingina katako a bakin tirela kada su yi tsalle, kuma kada a yanka wata a gaban 'yar uwarta. Ki nuna masa cewa saniyar da ta karye ko ta ƙuje, kuɗinta faɗuwa yake yi. Wannan zai saurara.