Fatawa: Sayen tsohon zanen mashaya a gwanjon Faris

Tambaya: Allah gafarta Malam, an sa wani zanen fentin mai na ƙarni na 19 a gwanjo a Faris, hoton wata mashayar ƙauye ce ta Faransa. Ya halatta in taya don in sayar gaba?

Amsa: Shi gwanjo ba a magana a kansa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙo yana neman wanda zai ƙara, aka tashi daga dirhami ɗaya zuwa biyu. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ma ta halatta shi a zamanta na Burunai a 1993. Abin da aka hana shi ne najashi, wato mutum ya taya ba don ya saya ba, sai don kuɗin ya hau. La'adar gidan gwanjo, wadda kan kai kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a kan kuɗin guduma, wato farashin ƙarshe da aka sallama kayan a kai, halal ce tunda an sanar da ita tun farko. Ka biya kan lokaci, domin ruwan da ake ɗorawa kan jinkiri riba ce.

Nauyin tambayar yana cikin abin da aka zana, ɗan'uwa. Irin waɗannan zane-zanen ba ɗaya ba ne. Idan gini ne da hanya da itatuwa, babu mai rai, saye da sayarwa halal ne. Ibn Abbas ya umarci mai zane da ya koma ga bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Idan akwai dawaki a ƙofa da matafiya, Malikiyya sun haramta mutum-mutumi cikakke mai inuwa, amma zane a kan ƙyalle makaruhi ne a wurinsu in an ɗaukaka shi a bango. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun haramta rataye shi, hujjarsu hadisin labulen Nana A'isha. Hanafiyya kuwa sun sassauta a kan ƙananan surori da ba a rarrabe gaɓoɓinsu. A wannan hali cinikin ya inganta a mazhabar Malik, barinsa ya fi.

Amma idan cikin mashayar aka nuna, an ɗaga kofuna, ana caca, ko akwai tsiraici, kada ka taya. Hoton giya ba najasa ba ne, gaskiya, sai dai wanda zai saya a hannunka bango zai kai shi, kuma yin hakan ƙawata aikin saɓo ne.

Sai garari, wato rashin tabbas a kan abin da ake saye. A takardar gwanjon Faransa, a ce zane "na wane" ne daban yake da "ana jingina shi ga wane" ko "na almajiransa", kuma farashinsu ba ya kusa. Nemi rahoton lafiyar zanen kafin ranar: tsagewar fenti, ko an manna sabon ƙyalle a bayansa, da gyaran da fitilar UV (haske na musamman da ake duba fenti da shi) ke tonawa. Duk aibin da ka sani wajibi ne ka faɗa wa wanda za ka sayar wa.

Wallahu a'alam.