Agogon tagulla mai mariƙi: in saya wa Baba ko in nemi na batir?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya cewa ya ga ɗan ƙaramin agogon tagulla mai bangon gilashi da mariƙi a sama wajen wani ɗan gwanjo, kuma yana so ya saya wa mahaifinsa da ke yawan tafiye-tafiye, sai dai kuɗinsa ya ninka na agogon batir sau da yawa.

Malam, abin da ka gani shi ne agogon matafiya irin na Faransa, wanda aka ƙera domin masu doguwar tafiya a keken doki. Agogon bango na wancan zamani da lilo yake aiki, shi kuwa lilo da zarar an jijjiga shi sai lissafi ya rikice. Saboda haka maƙera suka maye gurbinsa da ɗan zobe mai kai da komo a kan siririn sifirin, wanda za ka hango yana bugawa idan ka leƙa ta gilashin sama. Maƙerin agogo Abraham-Louis Breguet ya sayar wa Napoleon, jagoran sojan Faransa, irinsa a 1798, gab da tafiyarsa yaƙi Masar, amma sai da wani maƙerin, Paul Garnier na birnin Faris, ya sauƙaƙa ƙirar a shekarun 1830 sannan ya yaɗu, Ingila ta zama babbar kasuwarsa.

Shawarata ita ce, idan agogon da zai tashi Baba da asuba a masauki kake nema, ka sayi na batir. Na tagulla yana da nauyi, gilashinsa ba ya jure matsi a jaka, ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da man cikinsa ta daskare, ga shi masu iya gyaransa sun yi ƙaranci. Yanzu wurin zamansa kan kanta ne.

Idan kuwa kyautar girmamawa ce, to ya cancanci kuɗinsa, muddin ka duba shi da kyau. Buɗe ƙofar baya tukuna, domin akwai waɗanda jikinsu kawai ne na dā, cikinsu injin batir ne. Nemi makullinsa, ka wana shi da hannunka, ka kasa kunne: bugun ya zama daidai, ba mai ɗingishi ba. In an wana shi sau ɗaya ya kamata ya kai kwana 8, don haka ka roƙi mai kayan ya bar shi yana tafiya, ka dawo bayan kwana biyu ka gwada shi da agogon wayarka. In akwai maɓalli a sama, danna shi, zai sake buga ƙarfen da ya wuce. A dā, da shi matafiyi ke sanin lokaci cikin duhu ba tare da ya kunna kyandir ba. In kuma alluransa suna haske da dare, kada ka kankare fentin, domin tsofaffin agoguna da dama an shafa musu sinadarin radiyom mai cutarwa.