Kyautar injin gem mafi kyau: a raba gasar gida biyu

Ɗan'uwa, kana tambaya ko an yi maka adalci a taron masu tara tsofaffin injinan gem na Kaduna, inda aka ba wani kyautar inji mafi kyau, alhali naka Street Fighter II ne da kayan cikinsa na asali, nasa kuwa akwati ne mai sabon fenti da kwamfuta a ciki. Gaskiya ba a yi maka adalci ba. Amma kada ka nemi a ƙwace masa kyautar, shi bai yi maguɗi ba. Ka nemi baɗi a raba gasar: na asali daban, na zamani daban.

Dalilina shi ne, in aka bar jama'a su kaɗa ƙuri'a, abin da ido ya gani suke bi: fitilu, fenti, hoto garau. Babu mai leƙa bayan inji ya ga cewa kayan da kamfanin Capcom ya ƙera a 1991 ne har yanzu suke aiki, balle ya san yadda mutum ke yini a kasuwar Panteka yana tonon tsofaffin talabijin don neman ƙaramin abu guda da ya ƙone. Na ga irin wannan ta raba abokai. Ko a Amurka, a 2018 Twin Galaxies, ƙungiyar da ke ajiye tarihin makin wasannin gem, ta soke makin wani shahararren ɗan wasan Donkey Kong a kan batun injin asali. Don haka ka tsaya a kan sharaɗi ɗaya: kafin ƙuri'a, a buɗe bayan kowane inji a gaban kowa, masu gyara su duba.