Bas na shaƙewa: in sa babbar taransfoma?

Tambaya: Malam, ina ba da hayar kayan sauti a wuraren biki. Amfilifayata mai taransfoma bolt 24-0-24 ce, da na ƙure murya sai bas ta shaƙe, sauti ya riƙa kakari. Tuwita (ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti) biyu sun ƙone min a wata guda. Mai gyara ya ce zai sa min 40-0-40. In yarda?

Amsa: Kada ka yarda, ɗan'uwa.

Zargin taransfomar da ka yi yana kan hanya. Bas ce ke jan wuta da yawa, in taransfoma ta yi ƙanƙanta sai bolt ya faɗi daidai lokacin da ganga ta buga, kan sautin ya yanke. Wannan yankewar ce kakarin da kake ji, ita ce kuma ke cinye tuwita. Girman da kake buƙata shi ne na VA, wato ma'aunin yawan wutar da taransfoma ke iya bayarwa. In kana fitar da wat 50 a kowane ɓangare, nemi VA 150 zuwa 200, amma bolt ya tsaya a 24-0-24.

Abin da ke ƙona min rai kenan, kusan kullum sai an kawo min irinsa. Masu gyaran bakin titi sun ɗauka "babba" na nufin bolt mai yawa. Taransfoma 24 tana ba da kusan bolt 33 bayan diyod da kafasita. Ta 40 kuwa za ta kai 56. Duba jikin kafasitarka, wataƙila 50 aka rubuta. To ina za ta kai sauran? Kumbura za ta yi ta fashe, taransistoci su bi bayanta, wutar kuma ta zarce kai tsaye cikin lasifika. Ranar farko za ka ji ƙara ta ƙaru ka yi ta sa masa albarka, a biki na uku hayaƙi ya tashi a tsakiyar mutane. Mafi muni, in fiyus ya fara yankewa sai su naɗa masa zaren waya. Wallahi da wannan zaren ake tayar da gobara a shago.

Kafin ka kashe ko sisi, auna wutar da ke shigowa. In NEPA ko janareta na ba ka bolt 170 maimakon 220, ko taransfoma mai VA nawa ka sa sai bas ta shaƙe. Sannan ƙirga lasifikun da ka jera a layi ɗaya: biyu masu om 8, in an haɗa su + da +, − da −, sun koma om 4, wutar da suke ja ta ninka.